ESP32 da ire-irensa a masana'anta: za su iya, kuma wanne zan saya?

Tambayar ta fito ne daga wani matashin injiniya da ke aiki a kamfanin casar shinkafa a Kano. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Maigidanmu yana so ya riƙa gani a wayarsa awa nawa janareta ya yi yana aiki, wutar da manyan injuna ke ja, da zafin na'urar busar da shinkafa. Kamfanin da muka tuntuɓa ya yanka mana kuɗin da ya fi ƙarfinmu. Na ga ana sayar da ESP32 da Pico W da araha. Za su iya wannan aikin? Wanne zan saya?"

Ƙanena, waɗannan bod ɗin, wato ƙananan kwamfutoci masu Wi-Fi a kan ɗan allon lantarki, za su iya, amma da sharaɗi biyu. Na farko, bod ɗin ya zama kunne a kamfanin, kada ya zama hannu: ya saurara, ya auna, ya kai rahoto, amma kada ka ba shi ikon kunna ko kashe injin da zai iya cire wa mutum yatsa. Na biyu, ka sa a ranka cewa kuɗin bod ɗin shi ne mafi ƙanƙanta a lissafinka. Abin da zai ci kuɗi shi ne wutar da za ka ba shi, da kariyar da za ka gina tsakaninsa da injuna, da akwatin da zai zauna a ciki. Wanda ya tsuke hannu a nan, shi ne yake dawowa bayan wata biyu yana cewa kayan China ba su da aminci, alhali ba laifin cip ɗin ba ne.

Bari in fara da su bod ɗin, don a nan ne amsar ta fi sauƙi. Kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fito da ESP8266, wanda duniya ta san da shi a 2014, sannan ya biyo da ESP32 a 2016. ESP32 na asali yana da ƙwaƙwalwa biyu masu gudu har 240 MHz, da ma'ajiyar aiki ta 520 KB, da Wi-Fi da Bluetooth duk a cip guda. ESP8266 ya yi zamaninsa, kada ka fara sabon aiki da shi, ƙafafunsa kaɗan ne kuma tsaronsa bai kai ba. Daga baya an sami ESP32-S3, da ESP32-C3 mai ƙwaƙwalwa ɗaya da ƙaramin farashi, da ESP32-C6 da ya ƙara wasu hanyoyin sadarwa marasa waya, Zigbee da Thread. Shi kuwa Pico W na Raspberry Pi ya fito a 2022 a kan dala 6, Pico 2 W ya biyo a ƙarshen 2024 a kan dala 7. Ina son Pico, takardun bayaninsa a tsare suke, kuma ya dace da koyo. Amma a aikinka zan ɗauki ESP32. Modul ɗin ESP32-WROOM an yi shi ya jure daga digiri 40 ƙasa da sifili zuwa digiri 85, shi kuwa Pico W iyakarsa digiri 70. Sannan kayan aikin da Espressif ke bayarwa kyauta, ESP-IDF, sun zo da hanyar sabunta manhaja daga nesa da ta kulle ta, abin da a Pico W na farko sai ka sha wahala kafin ka haɗa. Akwai na Nordic da na STMicroelectronics, kayan kirki ne, musamman idan batir za ka dogara da shi shekara da shekaru, amma kai kana da wuta a kusa, ba ka buƙatarsu yanzu.

To sai dai ka rarrabe abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai modul, wato wannan ɗan gwangwanin mai murfin ƙarfe da cip ɗin ke ciki, shi ne kamfanoni ke likawa a kayan da suke sayarwa. Akwai kuma bod ɗin gwaji, wanda aka ɗora modul ɗin a kai aka yi masa ramin USB da layin ƙafafu don ɗalibi ya soka waya a kan tebur. Wanda ka gani da araha shi ne na biyun. Waɗancan alƙaluman zafi na modul ne, ba su shafi sauran tarkacen da wani ƙaramin kamfani ya lika a bod ɗin gwaji ba, wanda kai ba ka ma san sunansa ba.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne wajen wuta. ESP32 yana zaune lafiya yana jan wuta kaɗan, amma duk lokacin da zai aika saƙo ta Wi-Fi sai ya fizgi wajen 240 mA a ƙiftawar ido, shi ya sa Espressif suka ce a ba shi abin da zai iya kawo 500 mA ko fiye. Yanzu ka ɗauki cajar waya ta bakin titi, da doguwar wayar USB siririya, ka jona a soket ɗin ɗakin janareta. Da rana komai lafiya. An ɗauke wuta, janareta ya tashi, an juya canji, babban moton injin casa ya ja wutarsa ta tashi, fitilun ɗaki suka yi ja na daƙiƙa ɗaya. Idan ka jona kwamfuta a bod ɗin a wannan lokacin za ka ga ya rubuto "Brownout detector was triggered", ya mutu, ya sake tashi. Wani lokacin ya tashi lafiya. Wani lokacin kuma ya maƙale a tsakiya, fitilarsa tana ci, kai kana ganin yana aiki, alhali tun Talata bai aika komai ba.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Ka sa na'urar ba da wuta ta masana'anta mai 24V, irin wadda ake maƙalawa a dogon ƙarfen cikin fanel, kamar ta Mean Well. Daga 24V ka sauko zuwa 5V da ƙaramar na'urar rage wuta mai inganci, ka sa fis a gaba, da dayod ɗin TVS mai shanye tsallen wuta, da kafasita babba kusa da modul ɗin. Kada ka kai 12V kai tsaye kan ɗan AMS1117, mai rage wutar da ke yawancin bod ɗin gwaji, zai mayar da rarar wutar zafi, a cikin rufaffen akwati kuwa a watan Afrilun Kano, lokacin da inuwa ma take haura digiri 40, ba zai daɗe ba. Sai ƙaramin batir da zai riƙe bod ɗin da rauta na ɗan lokaci. Wannan batirin yana da muhimmanci a aikinka musamman, don lokacin da aka ɗauke wuta kafin janareta ya karɓa shi ne ainihin abin da maigidanka ke son sani, kuma na'urar da ta mutu tare da wutar ba za ta iya ba da labarin ba.

Na gaba shi ne yadda bod ɗin zai taɓa injuna, kuma ƙa'idata a nan ita ce kada ya taɓa su kai tsaye. Ƙafafun ESP32 na 3.3V ne, ko 5V ba a yarda a ba su ba, balle 24V da sensa na masana'anta ke aiki da shi. Duk wata alama ta "inji yana aiki" ko "inji ya tsaya" ta bi ta optokopla irin PC817, wanda ke miƙa saƙon da haske ba tare da wayoyin ɓangarorin biyu sun haɗu ba. Doguwar waya da ta ratsa kusa da inbatar moto ko kwantakta tana kwaso hayaniyar lantarki, da damina kuma tana kwaso abin da tsawa ta bari. Idan babu wannan rabewar, duk abin da wayar ta kwaso a cikin cip ɗinka zai sauka.

Amma kafin ka sayi sensa ko ɗaya, zagaya kamfanin da biro da takarda ka duba bayan kowace na'ura. Da yawa daga cikin abin da kake son aunawa an riga an auna shi. Idan janaretanku yana da kwantirola irin na Deep Sea ko SmartGen, akwai yiwuwar yana da mahaɗar RS-485, wato hanyar aika bayani ta waya tsakanin na'urori, kuma a cikinsa akwai awannin aiki, ƙarfin wuta, zafin ruwan inji, matsin bakin mai, har da dalilin da ya sa ya mutu jiya. Inbatocin moto da yawa haka suke, wasu na'urorin daidaita zafi ma haka. Yaren da suke yi shi ne Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar tun 1979 kuma har yau masana'antu ba su sake shi ba. Abin da kake buƙata shi ne ƙaramin modul na RS-485, zai fi kyau mai rabewar lantarki, ba MAX485 tsirara ba, da waya mai igiya biyu a murɗe, da resista mai 120 ohm a kowane ƙarshen layin. Layi ɗaya zai iya kai mita 1,200 idan ba a matsa masa gudu ba, na'urori da dama su jeru a kansa kowace da lambarta. Bod ɗaya ke nan zai karanta janareta da mita uku da na'urar busarwa.

Wutar da injuna ke ja kuwa, kada ka ɓata lokacinka kana ƙoƙarin lissafa ta da ESP32 kai tsaye. Sashen auna wuta na cikin ESP32 na asali ba ya tafiya daidai a farkon ma'auninsa da ƙarshensa, kuma rabinsa, wanda ake kira ADC2, ba ya karantuwa idan Wi-Fi yana aiki. Ka sayi mita mai layi uku da ke magana da Modbus, irin Eastron SDM630, ta yi lissafin, kai ka karanta. Idan mitar mai zoben CT ce, wanda ake zura babbar waya ta cikinsa, ka kiyaye wannan da kyau: ba a cire wayoyin zoben a bar su a buɗe alhali wuta tana bi ta babbar wayar, domin wuta mai haɗari tana taruwa a bakinsu. Wannan aikin mai gyaran wutar kamfani ne, a yi shi an kashe layi an kulle. Ba na so ka sa hannu cikin fanel mai 415V don kana sauri ka nuna wa maigida sakamako.

Inda dole sai ka auna da kanka, misali zurfin man dizal a tanki ko zafin busarwa, nemi sensa mai fitar da 4 zuwa 20 mA. Ka bi da wutar ta cikin resista mai 150 ohm, 4 mA zai ba ka 0.6V, 20 mA ya ba ka 3V, sai ka karanta da cip ɗin auna wuta na ADS1115 maimakon na cikin ESP32. Kyan wannan tsarin shi ne idan ka ga sifili ka san waya ce ta tsinke, ba tanki ne ya ƙare ba. Don zafi mai yawa sensar PT100 ta fi, da MAX31865 a matsayin mai karanta ta. DS18B20 da kowa ke saya iyakarsa digiri 125, kuma jabunsa ya cika kasuwa.

Yanzu dalilin sharaɗina na farko. Lokacin da ESP32 ke tashi, kafin manhajarka ta karɓi ragama, wasu ƙafafunsa suna ɗan motsi da kansu. Idan ka jona rile, wato makunnin da lantarki ke sarrafawa, a irin wannan ƙafar za ka ji ya yi ƙas a duk tashi. A kan tebur wannan ba komai ba ne. Idan kuwa rilen nan kwantaktar bel ɗin ɗaukar shinkafa yake ja, kuma wani yaro yana share buntu a ƙarƙashinsa, to magana ta canza. Haɗa da cewa bod ɗin zai iya sake tashi saboda wuta ta yi ƙasa, ko manhaja ta maƙale tana jiran netwok. Kashe gaggawa, da kariyar ƙofar inji, da duk abin da ya shafi tukunyar tururin da kuke turara shinkafa da ita, su zauna a hannun waya da rile na tsaro da PLC na tsaro, wato kwamfutar sarrafa injunan masana'anta, waɗanda aka gina kuma aka gwada don haka. Ranar da maigida ya ga alƙaluma a wayarsa zai ce a ƙara masa maɓallin kashe inji daga gida. Ka ba shi haƙuri cikin ladabi, ka gaya masa dalili. Haka nan wurin da ƙurar buntu ta yi kauri a iska ko tururin mai ke taruwa, ba a kai bod tsirara, irin wuraren nan suna da kayansu na musamman da aka tabbatar ba sa tayar da wuta.

Sai hanyar da bayanin zai fita, wadda a gaskiya ita ya kamata ka fara yanke wa hukunci kafin ka zaɓi bod. Yawancin dangin ESP32 a 2.4 GHz kaɗai suke Wi-Fi, kuma ginin kamfani rufin kwano ne, ginshiƙan ƙarfe, tankunan ƙarfe. Idan ka rufe bod a fanel na ƙarfe ka kashe masa sabis da hannunka. Ka nemi modul mai harafin U a sunansa, kamar WROOM-32UE, mai wurin jona eriya ta waje, ka fito da eriyar saman akwati. Inda kuwa za ka iya jan kebul ɗin Ethernet, wanda ke kai mita 100, ja shi ka huta. ESP32 na asali yana da sashen Ethernet a cikinsa, shi ya sa ake samun bod irin WT32-ETH01 da araha, da ESP32-POE-ISO na kamfanin Olimex na Bulgeriya, wanda kebul ɗaya ke kawo masa wuta da netwok. Na san waɗanda ka tambaya marasa waya ne, amma a cikin gini ɗaya waya ta fi aminci, a bar mara waya ga inda waya ba za ta kai ba.

Idan akwai rijiyar burtsatse ko sito can nesa da ginin, LoRa, wato rediyo mai cin dogon zango, ta dace: saƙo ƙanƙane, tafiyar kilomitoci idan eriya ta hau sama. Heltec da LilyGO suna haɗa ESP32 da cip ɗin LoRa na Semtech a bod ɗaya. Ka sayi na 868 MHz, ba na 915 da aka yi wa Amurka ba, kuma kada ka kunna shi babu eriya. Na layin wayar salula kuwa, SIM800L da ya cika kasuwa 2G ne kawai, yana fizgar har 2A idan zai yi magana, ya jawo wa mutane ciwon kai ba kaɗan ba. A7670 ko SIM7600 masu 4G sun fi, amma ka duba harafin ƙarshen sunan, don kowane yanki da nasa. Ni dai a kamfani ɗaya na fi son rauta ɗaya mai kyau da layi ɗaya, duk bod ɗin su bi ta kanta. Data ba za ta dame ka ba: saƙo mai bayit 200 a kowane minti bai kai 9 MB a wata ba, ko ka ninka shi don kayan tsaro bai taka kara ya karya ba. Abin da ke kashe irin wannan aikin shi ne a manta ranar da datar za ta ƙare, ko a yi rajistar layin da sunan ma'aikacin da zai bar aiki baɗi.

Wajen manhaja, yi amfani da MQTT, tsarin aika ƙananan saƙonni tsakanin na'urori. An ƙirƙiro shi a 1999 don sa ido kan bututun mai ta tauraron ɗan'adam, inda netwok ke da tsada kuma yake yankewa, ka ga kuwa halin da muke ciki ke nan. Manhajojin Mosquitto da Node-RED da Grafana a kan ƙaramar kwamfuta sun isa su ba maigida abin kallo, ko ThingsBoard idan kana son abu a haɗe. Ka kunna saƙon wasiyya na MQTT, wanda saba, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonnin, ke fitarwa da kanta idan bod ya yi shiru, don a san bambancin "janareta a kashe yake" da "na'urarmu ta mutu". Ka kunna mai gadin cikin cip, wanda ke sake tayar da shi idan manhaja ta maƙale. Ka rubuta manhajar ta yadda aunawa ba za ta tsaya jiran netwok ba: ta ajiye bayani da lokacinsa, da agogon DS3231 mai batirinsa, ta tura idan sabis ya dawo. Kuma kada ka riƙa rubuta awannin janareta a ma'ajiyar filashi kowace daƙiƙa, gogewa wajen 100,000 kowane sashe ke ɗauka. Ko ka rubuta duk bayan mintoci, ko ka ƙara ɗan cip na FRAM, ma'ajiyar da ke jure yawan rubutu.

Tsaro kuma kada ka ce wa zai kula da kamfanin shinkafa. A 2016 manhajar Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, ba don masu su manya ba ne, sai don an bar su da kalmar sirrin da suka zo da ita. Ka raba netwok ɗin na'urori da wanda ma'aikata ke shiga da wayoyinsu, ka sa TLS mai ɓoye saƙo a hanya, kowane bod da kalmar sirrinsa. ESP32 yana da kullen manhaja da ɓoye abin da ke cikin filashi, amma ka gwada a bod ɗin da ba ka jin asararsa, don kullen nan idan ya shiga ba ya fita.

Akwati shi ne abin da ake rainawa. Buɗe wanda aka haɗa da siraran wayoyin sokawa bayan hunturu ɗaya a kamfanin shinkafa ka gani: garin dusa ya kwanta a kan bod kamar an barbaɗa, ƙafafun sun fara kore, girgizar inji ta zare waya ɗaya rabi, tururuwa sun yi gida a bayan na'urar wuta don ɗumi. Da damina ta kawo laima, wannan garin ya jiƙe ya zama hanyar wuta. Araha ba ta ado. Ka sayi akwatin roba mai IP65, wato mai hana ƙura da feshin ruwa shiga, wayoyi su shiga ta ƙasa ta maƙogwaron roba mai matsewa, kowace waya a ɗaure da sukuru ko a like da dalma, a kafa shi a bango inda rana ba ta bugu kuma ba a jikin inji ba.

Saboda duk wannan, ga abin da zan saya da ni ne kai. Bod ɗin gwaji biyu ko uku na ESP32 don tebur, a rubuta manhaja a gwada Modbus. Wanda zai shiga fanel kuwa, ka nemi wanda aka riga aka gina don masana'anta a kan ESP32 ɗin, mai karɓar 24V, da RS-485, da mashigai masu optokopla, da Ethernet in da hali. Norvi da Industrial Shields da KinCony duk suna yin irinsu, farashinsu ya ninka na gwaji sau da yawa amma bai kusa da abin da aka yanka muku ba. Karanta takardar kowanne ka tabbatar da abin da aka raba da abin da ba a raba ba, don ba duka ne suke cika abin da hotonsu ya nuna ba. Ka sayi ɗaya na ajiya, ka manna zanen wayoyi a cikin murfin akwati, ka bar wa kamfani kwafin manhajar.

Fara da janareta kaɗai. Ka bar shi wata guda, ka riƙa gwada alƙalumansa da littafin da mai kula da inji ke cikawa da kuma man da aka zuba. Idan sun yi daidai, ka ƙara mita, sannan na'urar busarwa. Ka turo mini lambar kwantirolar janaretan da hoton bayanta inda wayoyi ke shiga, sai in gaya maka ko tana da RS-485 da kuma rajistocin da za ka fara karantawa.